Goro Bakwai Cikin Tsumma

"Lahiya lau, sai dai ganin ka da ya ɓata mini safiya," in ji Kaka Habi, ko kai ba ta ɗaga ba daga ɓarar gyaɗa.

Rabilu take amsa wa gaisuwa, jikanta mai kabu-kabu da babur a Gazawa, wanda take kira mijinta tun yana rarrafe. Ni aron turmi ya kawo ni, amma na nemi wuri na zauna, don in waɗannan biyu suka haɗu ba a tashi. Duk ƙauyenmu Gangara an san Habi da jan haƙori, shekara hamsin tana goga furen taba da goro. To, wata biyu ke nan wani miki ya fito mata a gefen harshe ya ƙi warkewa, ita kuma ta hana kowa zancen.

"Amarya, tashi ki ɗaura zanen fita. Maradi za mu."

"Da wannan moton naka mai tarin fuka? Ko gawata ba ta yarda."

"Gazawa kawai zai kai mu, mu shiga mota. Lokotoron haƙori na babban asibiti zai duba bakinki."

"Bakina? Kakanka sai da ya shekara biyu yana zarya kafin na yi mai murmushi. Shi wannan lokotoron, ɗan wane ne?"

"Wane murmushi? Haƙori huɗu suka rage, su ma ba su ga maciji da juna."

"Sha ɗaya ne, maƙaryaci! Kai da aka haifa baki fayau kamar ɗan tsako, ni na tauna maka ƙuli-ƙulin farko."

"Shi ya sa har yau ban yi ƙiba ba."

"Rowarka ce ta hana. Miji ke nan, ko turmin atamfa babu, sai gayyar asibiti."

"Majo, malamin asibitinmu, ya ce duk mikin baki da ya wuce sati biyu bai warke ba, sai an duba. Mai lahiya ma ana son ya riƙa kai bakinsa."

"Majo ya kai nasa! Zafi ne kawai. Na kurkure da bagaruwa, na sa kanwa, ya kusa tahiya. Ba inda za ni."

Rabilu ya miƙa hannu ƙarƙashin faifan da ke gefenta ya jawo jiƙaƙƙen tsumma, ya warware. Goro bakwai, farare tas, ko ɗaya ba a ɓantara ba.

"Ran Juma'a na kawo su," ya ce. "Ke da ba ki bari goro ya ga azahar."

"Goronka ne ba daɗi. Na rowa ɗaci gare shi."

"Kaka."

Bai taɓa kiranta haka a gabana ba. Ta ture ƙwaryar gyaɗar.

"Shatu ƙanwata ma Maradin aka kai ta. Suka leƙa baki suka ce ciwon daji ne. Ka ga ta dawo da ƙafarta? Ni a ɗakina zan zauna, abin da Allah ya rubuta ya iske ni nan."

"Shatu shekara guda ta yi tana rufe baki da gyale kafin ta yarda. Ke wata biyu ne. Ba ni bari ki cika shekara. Tsoro nike ji, na gaya miki gaskiya."

Ta dube shi. Sai ya share ido da hannun riga ya ce, "Kuma ban shirya zaman gwauro ba. Wa za ta aure ni da wannan moton?"

"Babu! Ko makauniya ta ji ƙararsa ta gudu." Dariya ta kuɓuce mata, ta dafe kunci don zafi. "Kai, ɗan banzan yaro. Mairama, ɗauko mini zanen nan shuɗi."

Na ɗauko da gudu, kar ta sake shawara.

Ta kwance ƙullin furen taba daga bakin zane ta jefa mai. "Wannan kyauta ce, kai wa akuyarka." Sannan ta naɗe goron cikin tsummansa ta danƙa mai a hannu.

"Wannan kuwa ajiya ce. Ka riƙa yayyafa mai ruwa. Ran da lokotoronka ya ce in tauna, in na iske shida, sai ka ba ni takardata."