Ragowar Ƙarafa a Langar Amarya

Ba zan taɓa mantawa da ranar jeren ƙanwata Bilki ba, kuma ko na so mantawa, matan gidanmu ba za su bari ba.

Mahaifinmu ya rasu ya bar mana tsohuwar akori-kura, irin mai ja da ƙafa huɗu, wadda ya yi shekara da shekaru yana dakon riɗi da ita tsakanin Gagarawa da Maigatari. Ni malamin makaranta ne a Gumel, sanina da mota bai wuce tuƙi da duba ruwa ba. Amma da aka ce gidan mijin Bilki a wani ƙauye yake bayan Sule Tankarkar, inda yashi ke kama mota har ciki, sai na bugi ƙirji na ce motar Baba ce za ta kai kayan ɗaki. Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifinmu, ta ce a nemi wata dai. Na ce ta kwantar da hankalinta.

Ƙafar gaba ta dama tana ɗan gurnani. Baba Ilu, tsohon makaniken da ke riƙe da motar tun zamanin mahaifinmu, ya aiko daga Maigatari in kai ya duba. Na ce a gaya masa ya huta, ƙaramin aiki ne (na kalli yadda ake yi a waya har sau uku, ina jin kaina injiniya).

Na kwance cibiyar tayar, na wanke komai da kananzir, na shafa sabon giris, na mayar. Da na ɗaure noti na ƙarshe na waiga, sai ga abubuwa uku a kan kwali suna kallona: sifirin guda (nannaɗaɗɗen ƙarfen nan da in ka danna yake dawowa), wani zobe mai haƙora, da wata 'yar waya mai kama da awarwaro. Na tada mota na zaga unguwa, lafiya lau, gurnanin ma ya tafi. Sai na yanke hukuncin cewa masu ƙera mota ne suka cika son ƙari. Na naɗe su a baƙin tsumma, na rarumi wata langa a zaure na tura ciki, na cusa bayan buhu. Ban lura sabuwa ce dal ba, cikin kwanukan amarya. Ashe mata sun neme ta har sun gano, suka ɗaure ta cikin 'yan'uwanta ba tare da sun buɗe ba.

Ranar jere muka ɗora gado da katifa da kwanuka, Gwaggo da mata uku suka hau baya. Baba Ilu, da ya zo biki, ya zauna kusa da ni. Bayan la'asar za a kawo amarya, dole a gama ɗaki kafin nan.

Muna hango rumbunan ƙauyen muka shiga yashi. Na sauka cikin isa na murɗa makullan tayoyin gaba, na dawo na saka giyar yashi. Tayoyin baya suka yi ta haƙa rami, na gaba ko motsi. Baba Ilu ya tsuguna ya kasa kunne, sannan ya tambaye ni ko wani abu ya yi saura lokacin da na yi aikin. Na ce ko ɗaya (Allah ya yafe mini).

Dangin ango suka fito taimako, aka fara sauke kaya don mota ta yi sauƙi. Nan Gwaggo ta ji wata langa ta fi saura nauyi. Ta buɗe, ta warware tsumman, ta saki salati.

"Ƙarfe a baƙin ƙyalle, cikin langar amarya? Wa muka tsare wa wani abu?"

Kafin ka ce me, mata sun ce sammu ne, an yi wa auren Bilki jifa. Wata ta tuna cewa 'yan'uwan ango sun shigo ganin kaya shekaranjiya. Na ga fuskar kawun ango ta sauya. Gwaggo ta ce a mayar da kaya mota, ba inda za a jera komai sai an gano mai wannan aiki. Ni kuwa ina tsaye ina kallon auren ƙanwata zai lalace saboda sifirin.

Baba Ilu ya karɓi langar. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana bayani kamar mai karanta allo: wannan zoben shi ke kama ƙafar gaba ta ja, sifirin ke tura shi, 'yar wayar ke hana shi fita. Sannan ya dube ni.

"Gwaggo," na ce, "ni ne bokan."

Sai dariya ta ɓarke. Kawun ango har da zama a yashi yana riƙe ciki. Gwaggo ba ta yi dariya ba, kallo kawai ta bi ni da shi, irin wanda take mini ina ɗan shekara bakwai.

"Ku bar Malam," in ji Baba Ilu. "Da wani ne, da sun daɗe a bola. Shi ya adana, har ya taho mana da su."

Wallahi na ji daɗin maganar nan har raina, duk da na san rufin asiri ne kawai. Da sifanun mahaifinmu da ke ƙarƙashin kujera ya mayar da komai kafin azahar. Yana ɗaurewa yake gaya mini a hankali cewa in zan sake kwance abu in shimfiɗa tabarma, in jera su yadda suka fito, in mayar daga na ƙarshe. Motar ta fita daga ramin kamar ba ita ba, aka gama jere a kan lokaci.

Na koyi cewa mai ƙera mota ba ya saka ƙarfe don ado, kuma idan tsoho ya ce ka kawo ya duba, to ka kai. Bilki kuwa ta wanke langar ta ajiye daban. Duk ranar da na je gidanta, a ciki take zubo mini tuwo, ta ce in duba da kyau ko wani abu ya yi saura.