Ranar da Aka Rubuta a Gindin Roba

A Rafin Kanya akwai wani wanzami, Ilu, mutane uku ke ci daga askarsa: shi, da matarsa Dije, da ƙanensa Cindo. Cindo ya haura arba'in, amma duk abin da aka faɗa masa haka yake ɗaukarsa, ba ragi ba ƙari. Abu ɗaya ya tsira da shi daga firamare, sanin lamba. A shekarar nan idon Ilu ya fara hazo. Yana ɗiga wani magani da ya saya wurin mai talla a kasuwa, idon kuwa kullum sai ƙara ja yake. Kowa a gidan ya san in idon nan ya tafi, tukunya ta sauka.

Wata rana Ilu ya sayo sabulun aski da man aski na roba. Ya ce, "Cindo, kayan nan ba sa son zafi. Ka sa su inda ya fi ko'ina sanyi a gidan nan." Cindo ya zaga gida yana dafa bango da ƙasa, bai sami inda ya kai randa sanyi ba. Da la'asar liman ya zo aski, aka kawo masa ruwa a moɗa, ya kurɓa, ya furzar, kumfa na bin gemunsa. Dije ta ce, "Wanzam, ƙanen nan naka sai ya kashe mu." Ilu ya tsamo ɗan abin da ya rage na sabulun ya shanya a inuwa.

Wata rana kuma Ilu ya miƙa wa Cindo robar man aski, ya ce, "Karanta mini lambar da ke gindin nan, ni ba na gani." Cindo ya karanta. Ilu ya ce, "Saura kwana tara ke nan man ya lalace. Daga ranar ba a shafa wa kowa. Kada ranar ta zo ta tarar da ko ɗigo a ciki." Ran kwana na takwas Cindo ya ga roba uku ba a taɓa ba. Ya tsaya ƙofar gida, duk wanda ya gifta sai ya lafta masa a haɓa, har da mai nono, har da jakin maƙwabci. Mai nono ta kai ƙara wurin mai unguwa. Ilu ya je ya ba da haƙuri, a hanyar dawowa ya yi tuntuɓe sau biyu.

Wata rana wani ya zo da haɓa duk ƙuraje, ya ce tsohon mai aka shafa masa. Ran Ilu ya ɓaci, ya ce, "Cindo, duk abin da ranarsa ta wuce a gidan nan, ka jefa shi masai." Cindo ya jefa ragowar man. Ya jefa kalandar bara, da katin ɗaurin auren Dije. Sannan ya ɗauko kwalbar maganin idon daga zabira, ya juya gindinta, ita ma ya jefa ta.

Da Ilu ya lalubi kwalba bai samu ba, ya zauna a bakin gado. Ya ce, "Idona ka jefa masai, Cindo."

"Ranarta ta wuce da shekara biyu, Yaya."

Mai tallan bai zo kasuwa ba a makon, dole Dije ta ja hannun mijinta zuwa asibitin gari. Likita ya duba, ya ji labarin kwalbar, ya ce, "Maganin da ya lalace ne ke cin idon. Da ka ƙara wata biyu, da ba mu da abin yi. Wa ya hana ka?" Dije ta sunkuyar da kai.

Bayan sati uku jan ya washe, Ilu ya wasa aska, ya zaunar da Cindo ya fara yi masa aski. Cindo ya yi ta leƙen wuyan wansa da bayan kunnensa.

"Me kake nema?"

"Taka ranar, Yaya. A ina aka rubuta?"

Ilu ya goge askar a tafin hannunsa. Ya ce, "An rubuta, Cindo. Ba a dai nuna mana ba. Daina motsi."