Waƙar Ƙishin Kuluwa

A wani daji mai tsananin rani, tafki ɗaya ne ba ya ƙafewa, kuma balbelu ke riƙe da shi tun kakanninsu. Dokarsu ita ce baƙin gashi yana gurɓata ruwa. Ba wanda ya taɓa ganin hakan ta faru, amma ba a taɓa barin a gwada ba. Don haka burtu da duk wani baƙin tsuntsu, sai dai su sha a kududdufin da ke gangare, inda shanu ke fitsari.

Wata shekara kududdufin ya ƙafe. Akwai wata burtu mai suna Kuluwa, ɗanta guda, ƙishi ya kwantar da shi. Kullum tana tonon busasshen taɓo da baki ko za ta samo masa laima, tana yi tana rera waƙa da muryar da ta dushe: "Ruwa na gani, ruwa na ji, ɗana bai sha ba." Sauran burtu suka ɗauka, don kowa da nasa ɗan a kwance.

Iska ta kai waƙar tafki. Wai sai ga 'yan matan balbelu suna rawa da ita, samarinsu na shaƙe wuya don muryarsu ta dushe irin ta Kuluwa, alhali cikinsu fal da ruwa. Abin takaici, har baitocin sun haddace tsaf.

Majalisar balbelu ta aika a kira Kuluwa bikin shekara. Ta zo tana jan ɗanta, aka tsayar da su nesa kaɗan da bakin ruwa. Ta rera. Balbelu suka yi kuka sosai, hawayensu na zuba cikin tafki. Magajin Tafki, shugaban majalisar, ya share ido ya ce ta faɗi duk abin da take so.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ruwa. Cikin baki ɗaya, na yaron nan."

Majalisa ta keɓe ta yi shawara mai tsawo, ana ta kawo wa manya ruwa saboda maganar ta busar musu da maƙogwaro. Da suka dawo Magaji ya miƙe ya ce:

"Baiwar Allah, kin taɓa zukatanmu. Wannan murya taki ba taki ce ke kaɗai ba, dukiyar dajin nan ce gaba ɗaya. Masana sun tabbatar mana cewa dushewar nan mai sa mu kuka, ƙishi ne ke kawo ta. In kun sha, ta tafi. Shi kuma yaro shi zai gaje ki, ba za mu lalata masa baiwa tun yana ƙarami ba. Ba a zamaninmu za a kashe al'adarku ba."

Aka tafa. Aka ciro farin gashi guda aka soka mata a ka, girmamawar da ba a taɓa yi wa baƙin tsuntsu ba.

Ɗan bai kai gangare ba. Kuluwa ta tona masa rami a cikin taɓon da ta saba tona, ta cire gashin ta yar, ta zauna ta rera wata sabuwar waƙa wadda ba kalmar ruwa a cikinta.

A tafki, kowa ya yarda ta fi ta farko daɗi.