Gangar Ƙarshe daga Gonar Horace

"...lafiya lau, Glenda, sai dai wahalar da na sha kafin na fito da tsohon nan daga gida. A ina zan jingine shi?"

"A jingine kakanki!"

"Ai shi nake nufi."

Haka Tamsin da kakanta Horace Tapsell suka shigo mini mashaya, ruwa na ɗiga daga rigunansu. Wurin nawa ɗaki ɗaya ne, da can shagon mai gyaran agogo ne. Agogunan da ya bari suna nan a bango, kowanne da nasa lokacin. Ba talabijin, ba kiɗa, sai benci da dogon teburi. Giya kuwa daga ganga nake tsiyayo ta a ɗakin baya. Ranar tun safe ake yayyafi, ba kowa sai Clive, tsohon mai rabon wasiƙa, da karensa a gindin murhu.

Duk ƙauyukan wannan yanki na Kent an san gonar tuffar Horace. Ciwon dajin maƙogwaro ya kwantar da shi bara, aka yi ta yi masa gashi da na'ura a asibiti, dole ya sayar da gonar ga masu gina gidaje. A makon nan suka fara sare itatuwan. Tuffar ƙarshe da aka tsinka ita aka matse aka yi giya, ganga ɗaya tak, kuma ranar na buɗe ta.

Tamsin ta cire masa hula ta rataye. Tun tana ƙarama take cewa shi za ta aura, har yau da ta zama ma'aikaciyar jinya ba su daina wannan wasan ba.

"Dubi angon nawa, Glenda. Kamar tsumman da aka manta a igiya. Ni fa na fasa."

"Wa ya ce ki tsaya? Ko jiya mata biyu suka yi faɗa a kaina a layin karɓar magani."

"Faɗan wa zai riga zama a kujerarka in ka faɗi."

Ta nuna kwalbar ƙwai mai tsami da ke kan kanta. "Kai da ƙwan nan sa'anni ne, amma shi ya fi ka ƙyalli."

Na kawo mata baƙar giyar sha'ir mai ɗaci, wadda take so. Horace ya leƙa cikin kofin, ya yamutsa fuska.

"Ruwan kwata. Na yi renon yarinya a tsakiyar itatuwan tuffa, ta tashi tana shan ruwan wankin safa."

"Gara shi da ruɓaɓɓiyar tuffar da aladu suka shinshina suka wuce."

"Ke, kama bakinki! Ƙudan zuma daga Faransa suke tsallako teku su zo gonata, su koma da yamma."

"Da fasfo ko babu?"

"Tuffata ɗaya ta taɓa faɗowa ta lotsa rufin tarakta."

"Bara ka ce keke ne."

"Ta ci gaba da girma."

Clive ya murmusa bai ɗago kai ba. Amma muryar Horace ta dushe, ba ta kai bangon ɗakin kamar da. Can daga bayan coci kuma, in iska ta juyo, sai a ji kukan injin sare itace. Duk lokacin da ya taso, sai tsohon ya kafa wa agogunan ido har ya lafa.

Na ce, "In kawo maka taka, Horace?"

"Tsaya tukuna," in ji Tamsin. "Shekara da shekaru yana cika mana baki cewa ko ido rufe zai gane tasa. Zuba masa kala uku a ƙananan kofuna, mu ga ƙarshen ƙarya."

"Ba na wasa da yara."

"Ka ji tsoro ke nan."

"Ni? Harshen nan zai gaya miki itacen da aka tsinko ta, da reshen, da sunan tsuntsun da ya yi kashi a kai."

"To, a zuba."

Na shiga baya na tsiyayo uku: tasa, da ta wani maƙwabcinsa, da wata mai zaƙi kamar alewa daga yankin Somerset, wadda Horace ya sha cewa ko itace ba zai shayar da ita ba. Tamsin ta ɗaure masa ido da mayafin wuyanta.

"Kin shaƙe ni. Gado kike nema."

"Me zan gada, haƙoran roba?"

Ya kurɓi ta farko, ya juya ta a baki. Ya kurɓi ta biyu, sannan ta uku. Ya sake komawa kansu ɗaya bayan ɗaya, hannunsa na laluben teburi. Daga ƙarshe ya ɗaga kofin tsakiya.

"Ga ta nan. Ko a kabari na san ta."

Tamsin ta dube ni tana dariya. Ni kuwa na kasa haɗa ido da ita, don ta Somerset ce ya ɗaga. Dariyar ta tsaya mata a baki.

"Kaka, daina wasa."

Ya zare mayafin, ya dubi fuskata, ya dubi kofin, ya ajiye shi a hankali.

"Wacce ce?"

Na nuna masa ta hagu.

"To," in ji shi. "To."

Karen Clive ya tashi ya sake kwanciya.

"Tun yaushe?" in ji Tamsin.

"Tun gashin nan. Shayi, nama, miya, duk kamar ina tauna jiƙaƙƙen kwali. Likita ya ce watakila ya dawo, watakila shi ke nan."

"Kuma duk ranar Lahadi kana yabon girkina?"

"A nan ne ya kamata ki gane akwai matsala."

Ta kai masa duka da mayafin a kafaɗa, idanunta cike da hawaye. "Mugun tsoho. Ni da nake aiki a asibiti, ni ka ɓoye wa? Shi ya sa ka ƙi fitowa yau?"

"Me zan zo yi? Gonar ta tafi, abin da ya rage mata yana cikin ganga, ni kuma ba ni da bakin da zan yi mata ban kwana." Ya tura mata kofin hagu. "Sha ki gaya mini."

"Ka san ba na shan ta."

"Na sani. Amma harshen gidanmu ke gare ki, ko da yake kin lalata shi da surutu. Sha."

Ta ɗauka kamar mai shan magani, ta kurɓa, ta runtse ido.

"Yaya?"

"Kamar an jiƙa tsohon takalminka a ruwan tsami."

"Madalla, ta yi ke nan. Sai me?"

Ta sake kurɓa, wannan karon ta bar ta a baki.

"Da farko tana kama harshe, tana busar da dasashi. Sannan... tsami, amma ba mai cizo ba. Can ƙarshe akwai ɗan zaƙi, ya ɓuya, sai ka haɗiye yake fitowa."

"Wannan tsohon itacen bakin rijiya ne. Shi ke yin haka. Ci gaba."

"Akwai ƙanshin rumfar da kake ajiye kwanduna. Busasshiyar ciyawa, da buhu." Ta sake shinshina kofin. "Da rigar Kaka Enid, in ta dawo daga tsinka ta ɗauke ni."

Enid matarsa ce, ta daɗe da rasuwa. Horace ya rufe ido, yana gyaɗa kai, leɓensa na motsi kamar shi ke sha. Injin ya sake tasowa daga bayan coci, amma bai dubi agogo ba.

"Ta fi ta shekarun baya?"

"Ina zan sani? Yau na fara sha." Ta share ido da bayan hannu. "Amma tana da daɗi, Kaka. Kada ka gaya wa kowa na faɗa."

"Clive, ka ji?"

"Na ji," in ji Clive. "Kafin yamma duk gari ya ji."

Tamsin ta shanye kofin ta miƙo mini. "Cika babba. In ya so gobe a ɗauke ni a amalanke."

Horace ya sa hannu a aljihun cikin rigarsa, ya zaro wani ƙunshi a jiƙaƙƙiyar jarida, ya ajiye a gabanta. Ta warware. 'Yan siraran rassa ne, kowanne bai wuce tsawon fensir ba.

"Na sallama, harshenki ya fi nawa ta kowace fuska. Ga ladanki. Daga itacen bakin rijiya. In aka ɗaura su a jikin wani itacen kafin ganye ya fito, za su kama. Zan nuna miki yadda ake yi."

"A ina zan dasa? Hawa na uku nake, ko tukunyar fure ba ni da ita."

"Glenda tana da fili a baya, ciyawa kawai take nomawa."

Na ce filin nasu ne.

Tamsin ta juya rassan a hannu, sannan ta ɗago kai. "Tsaya. Sun kewaye gonar da waya tun watan jiya. Yaushe ka yanko waɗannan?"

"Yau da safe."

"Ɓarawo! Da wannan gwiwar ka tsallake shinge?"

"Wa ya ce na tsallake? Ta ƙasa na bi. Wandona ya maƙale, na kasa gaba na kasa baya, ina kwance cikin taɓo har mai gadin wurin ya zo."

"Ya kira 'yan sanda?"

"Ya ja ni ta ƙafa ya fito da ni. Da na gaya masa ko ni wane ne, shi ya tanƙwaro mini reshen na yanka."

Tamsin ta kife kai a teburi tana dariya tana kuka. Horace ma ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, ita kuma ta miƙa hannu ɗaya tana bubbuga masa baya, ɗayan yana riƙe da rassan gam a ƙirjinta.