Zulkifilu da Jirginsa Marar Sallama

Ku matso ku ji labarin Zulkifilu ɗan gidan Tukur mai rake, don ku san irin manyan mutanen da garin Taba ya haifa. Duk ƙasar Kudan, kai har ka dangana da Makarfi, ba a yi mai ido irin nasa ba. Kowa da ido biyu yake kallon duniya, shi ɗaya ya ishe shi. Sai ya tsaya tsakiyar hanya, ya runtse na hagu, ya haɗa yatsu kamar taga, ya leƙa ta ciki. Mai amalanke ya jira, mai babur ya jira. Shi ya sa aka sa masa Ido-Ɗaya, shi kuwa ya ɗauka sarauta aka ba shi.

Ya tafi Kaduna yana Zulki ɗin da kowa ya sani, ya dawo da wata riga duk aljihu kamar ɗakin tantabara, hula gaba a baya, ga baƙin tabarau ko da hadari ya rufe gari. In ka kuskura ka ce masa mai hoto, to ka jawo wa kanka wa'azi.

"Mai hoto shi ne na bakin tasha. Ni daraktan ɗaukar hoto ne. Ni da haske nake magana. Ranar nan da kuke shanya barkono da ita, ni ma'aikaciyata ce."

Ranar Allah fa! Kuma ba wasa yake ba. Da ƙanwarsa ta haihu aka roƙe shi ya ɗauki taron suna, sai ya ce a dakata da raɗa suna tukuna, rana ba ta kwanta yadda yake so ba. Liman ya raɗa abinsa, aka ci waina, aka watse. Da hasken ya yi masa daidai, sai ya fito ya ɗauki tabarmi.

To, duk girman nan nasa, akwai mutum ɗaya da yake cire wa tabarau: Malam Jumare. Dattijon nan shi ke raba rigimar manoma da masu shanu, kuma tunda ake ba a taɓa ganin haƙorinsa a waje ba. In ya fito da babbar riga da sanda, ko akuya canza hanya take. Yana da 'ya, Mukarrama, malamar firamare, yarinya mai hankali da fara'a. Ita Zulkifilu ke so, ita ma, Allah ya sani, tana sonsa, don in yana surutun haskensa dariya take har ta riƙe ciki. Manyansa sun je neman aure, Malam Jumare ya ce za a duba. Damina ta wuce ana dubawa, kaka ta zo ana dubawa. Zulkifilu ya ƙudura a ransa sai ya yi abin da tsohon nan zai san ba ƙaramin suruki Allah ya kawo masa ba.

Sai ga dama ta faɗo. Wani kamfanin dunƙulen miya a Kaduna ya ba shi aikin talla, wai a nuna yadda ake girki a ƙauye, a ga tukunya na tafasa da dunƙulensu a ciki. Ya iso gari da akwatuna, da wani faifai mai ƙyalli na karkato rana, da wani ɗan jirgi kamar faranti mai fukafukai huɗu. Ba matuƙi a ciki, sai ido a gindinsa. In ya tashi yana kuka kamar an taɓa amyar zuma, kuma duk abin da ya gani daga sama sai ya fito a allon da ke hannun mai shi.

Kawunsa Maiwada ya ja shi gefe. Kun dai san yadda ake yi a nan. Namiji ba ya hawa soro ya yi yaɓe, ba ya hawa mangwaro, sai ya ɗaga murya, “Za a hau sama, mata a kimtsa!” Ya jira a amsa masa, sannan ya sa ƙafa. Maiwada ya ce, “Ɗan nan, abin naka ido ne da shi. A aika gida-gida a faɗa.”

Zulkifilu ya yi murmushin tausayi. “Kawu, ka ga matsalarmu ke nan. In aka faɗa, kowace za ta ciro atamfar salla, ta sha hoda, ta tsaya ƙiƙam tana kallon sama. Ni gaskiya nake nema. Rayuwa yadda take, ba ta san ana kallonta ba. A ƙasar waje kyauta ake ba mutum saboda haka.”

Maiwada ya ce, “A nan ma ana bayarwa.” Ya kaɗa rigarsa ya tafi gona.

Da rana ta yi sanyi, ma'aikaciyar tasa ta kwanta yadda yake so, sai ya saki jirgi. Kai jama'a! Kaji suka ɗauka shaho ne, suka cusa kai ƙarƙashin rumbu. Mai daka ta yar da taɓarya, mai tsifa ta kifa ƙwarya a ka, wata tsohuwa ta bi shi da muciya tana ja masa Allah ya isa. Shi kuwa yana bakin masallaci, ido a allo, yana cewa, “Madalla! Dubi motsi! Dubi rai!”

Sannan ya karkata shi kan gidan Malam Jumare, don a nan zuciyarsa take.

Ashe ranar uwargidan, Inna Huseina, ta tafi Makarfi jinyar matar ɗanta, ta bar musu jika mai rarrafe. Mukarrama kuma ba ta dawo daga taron malamai ba. Yaro ya yi ta tsala kuka, ga yunwa. Malam Jumare ya leƙa zaure ya ga ba kowa, ya sa sakata. Ya tuɓe babbar riga, ya ɗauki zanen matarsa ya goya jikansa, ya ɗaure tam a ƙirji. Ya durƙusa gaban murhu yana hura wuta, yana jijjiga baya, yana kaɗa miyar kuka da maburgi. Har rawa yake ɗan takawa don yaron ya yi shiru. Hayaƙi ya tashi, rana ta ratsa ta cikinsa ta sauka a kan furfurarsa. Kunnen tsohon ya ɗan yi nauyi, bai ji komai ba.

Zulkifilu ya ga wannan a allo, sai hawaye. Ya ce tunda ya fara aiki bai taɓa samun irinsa ba. Ya ce an gama, aure ya ɗauru.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ya kafa kwamfutarsa a kan benci gindin ɗurumi, ya tara dattawan gari, ya sa wa Malam Jumare kujera a gaba. Ya yi jawabi mai tsawo kan haske da inuwa, sannan ya danna.

Hoto ya fito. Ga Malam Jumare, mai raba manoma da makiyaya, da zanen Inna Huseina mai zanen kifi, yana taka rawa da goyo. Liman ya sunkuyar da kai yana ƙirga yatsun ƙafarsa. Mai unguwa ya cusa bakin rawani a baki. Wani daga baya ya kasa, dariya ta kuɓuce masa kamar atishawa, shi ke nan sai benci ya ɗauki girgiza.

Zulkifilu ya ɗauka yabo ne. “Baba, na fitar da kai duniya! Kano za a gan ka, Legas za a gan ka. Duk wayar da ke ƙasar nan sai fuskarka ta shiga!”

Malam Jumare ya miƙe a hankali, ya gyara rigarsa, ya ce, “Allah ya ba da sa'a.” Ya tafi gida bai waiwaya ba.

Washegari Mukarrama ta sa aka kira shi zaure. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, “Zulki, Baba ya ce maganar tana hannuna. Tun jiya bai fita masallaci ba, a ɗaki yake salla. Abu ɗaya nake so. Ka goge shi yanzu ina gani, ka shiga ka durƙusa ka ba shi haƙuri. Sauran ka bar mini.”

Kun ji fa, ƙofa a buɗe, shiga kawai ya rage. Yana sonta, wannan ba ƙarya. Ya dubi Mukarrama, ya dubi jakar kwamfuta. Sai ya gyara tsayuwa.

“Malama, ki roƙe ni komai ban da wannan. Irin hasken nan sau ɗaya yake sauka a rayuwar mutum. Yau Baba yana fushi, gobe zai gode mini. Mu masu fasaha kullum sai daga baya ake gane mu.”

Ta dube shi kamar yadda take duban ɗan aji da ya kawo jinga ba komai a ciki. Ta ce, “To, a gane ka lafiya.” Ta shige gida.

Kafin la'asar aka dawo wa gidan Tukur da kayansu na neman aure. Ɗan aiken ya ce Malam na gaisuwa, ya ce yaron ya riga ya ga gidan ciki da bai, bai san abin da ya rage zai zo nema ba.

Zulkifilu ya haɗiye maganar da ƙyar. Ya ce ba komai, duniya za ta rama masa. Ya hau motar Kaduna da hotonsa rungume a ƙirji, ya shiga ofishin kamfani yana taku ɗai-ɗai. Manya suka zauna, aka kunna. Suka ce kai, tsoho ya yi kyau, hayaƙi ya yi kyau. Sai wata mata a cikinsu ta ce a tsaya, a matso da hannun tsohon a ga abin da yake marmasawa a tukunya.

Aka matso. Daddawa ce.