Yadda Za Ka Nemi Auren Masaniyar Kimiyya Alhali Ba Ka Gane Komai Ba

Ɗan'uwa, ka faɗa son yarinyar da ke kwana da tashi a ɗakin gwaje-gwaje, kai kuwa albasa kake saukewa a kasuwar Mile 12 ta Legas? Share hawayenka! Wannan hanya ba ta taɓa ba da kunya ba. Abokina Zayyanu ya gwada ta a kan Mastura 'yar Agege, kuma har yau yana numfashi.

1. Haddace karatun
A cikin kowace ƙwayar jiki akwai zaren gadon halitta a nannaɗe tam. Wani furotin ne ke kwance shi don a karanta. Idan ya zaƙe, sai ya buɗe wa cutar daji ƙofa. Mastura sinadarin da zai riƙe masa hannu take nema. Iyakar abin ke nan. Kar ka ƙara ko gishiri.

2. Gyaɗa kai
In ta ce "kromatin", lumshe ido ka ce, "Ai dama!" Masana sun ce wanda ya yi shiru ba a gane jakancinsa.

3. Burge surukai
Babanta zai tambaye ka aikinta, domin shi ma bai gane ba. Zayyanu ya gyara zama ya ce, "Baba, furotin ɗin kamar kwandastan motar danfo ne a Oshodi, yana ta cusa fasinja. Ita ce mai kama masa wuyan riga." Baba ya yi dariya har da buga ƙafa, ya sa aka ƙaro nama.

4. A nan za ka tsaya!
Zayyanu bai tsaya ba. Da Hajiya, uwar Mastura, ta ce, "Ɗana, sinadarin yana maganin gwiwa?" sai ya ce, "Mama, har da ƙugu!" Washegari matan layi suka yi dafifi a ƙofar gidan, kowace da galan na karɓar magani.

Mastura ta leƙo ta taga. "Ko ɓera ba mu ba wa ba tukuna! Zayyanu, me ka gaya musu?"

"Tallar aikinki na yi."

"Oya, zo ka sallame su."

5. Karɓi hukunci
Ya wuni yana ba tsofaffi haƙuri da Hausa da Yarbanci. Da yamma ta aiko masa da amsa: ta yarda, amma sai an samo sinadarin da ke toshe bakin miji.

Gargaɗi: in aka biyo ka da galan, ban san ka ba, ban san layinku ba. Ni ma gwauro ne.