Tafin Hannun Kawu Tanimu

Wani mutum ne a unguwarmu, Kawu Tanimu, wai shi tafin hannunsa ya fi ma'aunin zafi na asibiti. "Ko ƙwai na taɓa," in ji shi, "sai na faɗi ko kazar da ta saka shi tana zazzaɓi. Ni kuwa, zazzaɓi bai san ƙofar ɗakina ba."

Ran nan Larai, matar ɗan ƙanensa, ta ga ɗanta Sagiru ya ƙi nono, ya yi laƙwas. Ta goya shi za ta asibiti, sai ga Kawu a zaure, ya ƙudundune da mayafi ana tsakar bazara.

"Ina zuwa da ranar nan?"

"Asibiti, Kawu. Jikin yaron ne da zafi."

"Miƙo shi." Ya dafa goshin yaro. "Sanyi ƙalau, kamar ruwan randa! Ku 'yan zamani, ko sauro ya yi tari sai asibiti. Koma ciki."

Ya taɓa ƙeyar wani mai facin taya da ya shigo gaisuwa. "Kai ma sanyi. Yau duk garin nan jininku ya daskare."

Larai ba ta iya musu da babba, amma ranta bai kwanta ba. Ta shiga ta ɗauko ɗan ma'aunin da ta saya lokacin awo. Malamar asibiti ta ce mata talatin da bakwai lafiya lau, in ya taka talatin da takwas zazzaɓi ne. Ta sa a hammatar Sagiru. Ɗit-ɗit! Talatin da takwas da rabi.

"Ƙarya yake, ya lalace!" in ji Kawu. "Sa mini ki ga yadda lafiyayye yake."

Ɗit-ɗit! Arba'in ba kaɗan.

Sai ga haƙoran Kawu suna kaɗawa, kaf-kaf-kaf.

Larai ta ce, "Kawu, ashe garwashi ka aika ya auno zafin shayi!"

"Ba rawar sanyi nake ba, 'yar nan, lazimi nake."

Keke-napep ɗaya ya kwashe su zuwa asibiti. Aka duba Sagiru, aka ba shi magani, ya lashe baki ya yi barci. Kawu kuwa allura ce. Ihunsa har bakin titi: "Wayyo Inna! A hankali, baiwar Allah!"

Malamar ta leƙo daga bayan labule ta ce, "Maman Sagiru, wai a cikinsu wanne ne jaririn naki?"